Ta yaya Imam Musa Sadr ya haɗa kan 'yan Shi'ar Labanon?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ana yawan cewa Sayyid Musa Sadr ne ya ɗaga 'yan Shi'ar Labanon daga talakawan da ba a jin muryarsu, har suka zama ba a yanke shawarar ƙasa sai da su. Don Allah masana, da me ya fara, ina ya samo kuɗi, kuma a ina abin ya karkace?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Sai ka fara sanin abin da ya tarar. Yarjejeniyar 1943 ta ba Kiristoci Maroniyawa shugaban ƙasa, Ahlus Sunna firaminista, 'yan Shi'a kuma kakakin majalisa. A majalisa mai kujeru 99, nasu 19 ne, su ma manyan gidaje irin gidan As'ad ne ke riƙe da su. Kudu da kwarin Bika babu asibitocin kirki, babu tituna, manomin taba kuwa ba ya sayarwa sai ga kamfani ɗaya tilo da ke yanke farashi. Matasan da suka gaji sai su shiga jam'iyyun gurguzu da na Ba'as.

An haife shi a Kum ta Iran a 1928, amma kakanninsa mutanen Jabal Amil ne, wato kudancin Labanon. Ya iso birnin Sur a 1959, ya gaji babban malamin Shi'a na garin, Sayyid Abdul Husain Sharafuddin, wanda ya rasu a 1957. Ka lura, shekarunsa na farko bai kira gangami ba. Ƙungiyar Birri wal Ihsan ya gyara: aka tantance mabaratan garin, aka yanka wa mabuƙata tallafi, aka hana bara a titi, aka kuma shigar da mata cikin aikin. Sannan ya kafa makarantar koyon sana'a a Burjush Shimali, wadda Mustafa Chamran ya jagoranta daga baya. Marayan da ya koyi aikin ƙarfe ko kafinta a can, danginsa duka sun zama mutanen Imam.

Ummu Zahra:
Batun kuɗi, malam, tsarin humusi ne ginshiƙi. Ɗan Shi'a yana fitar da kashi 20 cikin 100 na rarar abin da ya samu a shekara. Rabi na sharifai mabuƙata, rabi kuma ana miƙa wa babban malami ko wakilinsa. Shi ya sa malaminsu ba ya jiran albashin gwamnati. Ga kuma 'yan kasuwarsu da ke Afirka ta Yamma, irin Kwarorin nan da muka sani, musamman na Senegal da Kodebuwa da Saliyo. Ya zagaya wurinsu a 1967. Mutane ne masu dukiya amma tsofaffin gidajen siyasa sun tare musu hanya a gida, sai suka ga ƙofa a wurinsa.

Mataki na biyu shi ne hukuma. Ahlus Sunna na da Darul Fatwa, Duruzawa na da majalisarsu, 'yan Shi'a ba su da komai. A 1967 majalisa ta yi dokar kafa Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Shi'a, a 1969 aka zaɓe shi shugabanta na farko. Daga nan gwamnati ta daina yi masa kallon limamin gari ɗaya. A Mayun 1970, da hare-haren Isra'ila suka tarwatsa ƙauyukan kudu, ya kira yajin aiki na gama-gari, gwamnati ta kafa Majalisar Kudu da lira miliyan 30.

Sai a 1974 ya fito fili. Ranar 17 ga Maris, a kwanakin Arba'in, wato cikar kwana arba'in da Ashura, dubun dubatar mutane suka taru a Ba'albak, aka sake wani taron a Sur a watan Mayu, aka kafa Harkar Mahrumin, wato waɗanda aka tauye. Karbala da aka saba yi wa kuka kawai, ya mayar da ita kiran neman ruwan kogin Litani da makarantu da farashin taba. Kuma bai rufe ƙofa ba: ya yi aiki da Bishop Gregoire Haddad, a Fabrairun 1975 ma ya yi jawabi a cocin Kabushiyin da ke Bairut.

Ɗalibin Tarihi:
Ni inda ya karkace nake so mu tsaya, domin nan ake yawan tsallakewa. Majalisar Kudun nan ba ta zauna a hannunsa ba. Kamil As'ad da mutanensa suka mamaye ta, har jama'a suka juya sunanta daga Majalisul Janub zuwa Majalisul Juyub, wato majalisar aljihu. Ya ci nasarar fito da kuɗin, amma bai tanadi mai sa ido kan kashe su ba.

Na biyu makami. Yaƙin basasa ya ɓarke 13 ga Afrilun 1975. A ƙarshen Yuni ya shiga masallaci a Bairut yana yajin cin abinci don a tsayar da jini. Kwanaki kaɗan bayan haka nakiya ta tashi a wani sansanin horo kusa da Ba'albak, matasa da dama suka mutu, dole Imam ya bayyana cewa Harkar Mahrumin na da runduna mai suna Amal, wadda 'yan ƙungiyar Fatah ta Falasɗinawa ke horarwa. Wannan ya rage masa kwarjinin mai sulhu. Da unguwar Nab'a ta 'yan Shi'a a Bairut ta faɗi a 1976 aka kori mazaunanta, da yawa shi suka zarga.

Mai Nazari:
Maganar makami akwai gyara, ɗan uwa. Kowane ɓangare na da rundunarsa a lokacin, kuma tun yarjejeniyar Alƙahira ta 1969, wadda ta ba mayaƙan Falasɗinu damar aiki a Labanon, kudu ta zama filin daga tsakanin mayaƙan Falasɗinu da Isra'ila, sojan ƙasa na kallo. A ganina babban raunin shi ne komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. A 1975 aka tsawaita shugabancinsa na Majalisar Ƙoli ta Shi'a har sai ya kai shekara 65, ba a shirya magaji ba. Da ya ɓace a Libiya ranar 31 ga Agustan 1978 tare da Shaikh Muhammad Yaƙub da ɗan jarida Abbas Badruddin, sai gadon ya rabu: Shaikh Muhammad Mahdi Shamsuddin ya riƙe majalisar, Husain Husaini sannan Nabih Berri a 1980 suka riƙe Amal, a 1982 wasu suka ɓalle, daga cikinsu Hizbullah ta samu mutane. Ɓangaren marayu da makarantu ƙanwarsa Rabab ce ta ci gaba da shi a Sur.