Abin da muka tattaro kan burawuza marar taga da ta ƙi haɗuwa

Daren Asabar a fadarmu ta shan shayi nan Maradi, wani ƙanenmu ya buɗe kwamfutarsa, rai a ɓace: shirin da ya rubuta da Puppeteer, manhajar da ke sarrafa burawuzar Chrome ba tare da an buɗe taga ba, ya tsaya cik, ya ƙi haɗuwa. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Shawara ta farko, a karanta saƙon kuskuren da kyau kafin a taɓa komai. ERR_NAME_NOT_RESOLVED na nufin ba a gano sunan shafin ba, matsalar DNS ce, tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshi. ERR_CONNECTION_REFUSED kuwa, an kai ƙofa amma babu mai amsawa. Nan aka daɗe ana musu, don nasa makamancin wannan ne, ECONNREFUSED, wanda Node (manhajar da ke gudanar da shirinsa) ke bayarwa. Ashe ya rubuta localhost, wato kwamfutarsa da kanta, wadda ke da adireshi biyu, ::1 da 127.0.0.1; Node kuma tun daga siga ta 17 yana iya fara gwada ::1, alhali sabarsa 127.0.0.1 kaɗai take saurare. Ya canza adireshin, shiri ya tashi. Sai dariya.

Batun jira ma ya taso. Puppeteer da makamancinsa Playwright daƙiƙa 30 suke jiran shafi, kuma rezo a nan, kun sani, in magariba ta yi sai ya yi nauyi. A tsawaita lokacin, a sa shirin ya sake gwadawa sau biyu ko uku.

Masu Docker, manhajar da ke gudanar da shiri a keɓaɓɓen akwati: /dev/shm, wurin ajiyar wucin gadi da Chrome ke amfani da shi, megabait 64 ne kawai, Chrome kan mutu a ciki; kunna Chrome da zaɓin --disable-dev-shm-usage na magance shi. Ni dai zaɓin --no-sandbox, mai cire kariyar Chrome, ba na so, sai dole.

Mai amfani da Selenium, wata manhajar sarrafa burawuza, kuma ya duba ko sigar ChromeDriver, mai haɗa ta da Chrome, ta dace da ta Chrome ɗinsa.