Muhawara: Hip-hop na Hausa zai girma ba tare da daren kulob ba?

Ɗan Jos:
Jama'a, salamu alaikum. Maganar da na faɗa jiya har wasu suka ji haushi, yau zan maimaita ta dalla-dalla. Muddin garuruwanmu ba su da wurin da sabon mawaƙi zai hau dandamali duk mako, ya riƙe makirfo a gaban mutanen da ba su san shi ba, hip-hop na Hausa ba zai wuce inda yake ba. Ku dubi Jos. M.I da ƙaninsa Jesse Jagz da Ice Prince duk a nan suka tashi, P-Square ma a nan suka fara rawa tun suna makaranta. Gari ne da yaro zai yi waƙa a coci, ya yi a gasar makaranta, ya yi a kulob da dare, a tafa masa ko a yi masa ihu ya sauka. Kafin ya isa Legas ya riga ya san yadda ake riƙe taro. A Kano ko Katsina ko Sakkwato kuwa, yaro mai baiwa daga situdiyo sai waya. A ina mai sauraro zai gano shi?

Mai Turi:
Wa alaikumus salam, Yaya. A wurina zai gano shi, kuma tun ba yau ba yake gano shi. Ka taɓa tsayawa a rumfar mai turi ranar jajibirin Sallah? Mutum zai miƙo memori ya ce, "Cika min da sababbi." Ba ya kama sunan kowa. Ni ne zan zaɓa. In na saka masa waƙoƙin manya guda ashirin, sai in cusa biyu na wani yaro da ya kawo min tasa da kansa a waya. Direban tirela ya tafi da ita Agadas, ɗan a-daidaita-sahu ya kwana yana kaɗa ta a Kurna, mai shayi ya ji ya ce a tura masa ta Xender. Bayan sati biyu wani ya dawo yana rera min amshin, yana cewa "wannan nake nema," bai ma san sunan mai ita ba. Wane kulob ne ke ɗaukar mutanen da ke wucewa ta kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a yini guda?

Ɗan Jos:
Ƙanina, ban raina sana'arka ba. Amma kai da bakinka ka ce bai san sunan mai ita ba. To ka ga matsalar. Waƙa ta yi suna, mawaƙi bai yi ba, ko sisi kuma bai shiga aljihunsa ba.

Badamagare:
Ku yi mini izini in sa baki daga wannan ɓangaren iyaka. Ɗan'uwa na Jos, akwai labarin da ya karya hujjarka, kuma a Sakkwato ya faro. A 2008 Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, ya je can ya naɗi kundinsa na farko a situdiyo irin na masu waƙoƙin fim, da kiɗan na'ura da Auto-Tune mai gyara murya. Ba kamfanin da ya fitar masa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo ta Bluetooth har Mali. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga ciki, ya sa ta a tarin waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, sannan ya shiga neman mai muryar har ya same shi. Yau mutumin nan yana zagaya Turai da Amurka da jitarsa. Ga kuma Mamman Sani, wanda ya naɗi kiɗan ogan, wato irin fiyano mai lantarki, a Yamai tun 1978. Mu mun taso muna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, sai a 2013 aka sake fitar da shi duniya ta ji. A cikin su biyun ba wanda daren kulob ya fito da shi.

Ɗan Jos:
Malam, na gode da ka kawo Mdou Moctar, don shaidata ce ka kawo. Mutumin nan a gidajen biki ya goge. Shekara da shekaru yana kiɗa a gaban jama'a, a fili, da janareta. Waya ta kai sunansa nesa, na yarda, amma da aka kira shi ya hau dandamali ya san abin da zai yi. Yaranmu fa? Na ga wanda waƙarsa ke tashe a TikTok an gayyace shi wasan Sallah. Aka saki waƙar da muryarsa a ciki, shi kuma yana tsalle yana cewa "ku ɗaga hannu." Da na'ura ta tsaya, baiti ɗaya ya kasa kaiwa ƙarshe, numfashi ya ƙare masa. Wanda bai taɓa tsayawa gaban taro ba kamar mai koyon iyo ne a kan tabarma.

DJ ɗin Kawo:
To ai kun zo inda nake jira. Yaya Ɗan Jos, kana ta neman kulob, alhali kulob ɗinmu yana nan kana wuce shi duk Asabar: gidan biki. Ni a can nake gwada sabuwar waƙa. Ana tsakiyar casu, ƙawayen amarya sun cika fili, sai in zare ta manya in jefa ta wani yaro daga unguwa. Minti ɗaya ya ishe ni in san makomarta. In suka ci gaba da rawa, ta tsira. In fili ya fara watsewa ana gyara ɗankwali ana komawa kujera, sai in janye ta da sauri kafin uwar biki ta aiko a yi min magana. A nan Kaduna muna da kulob ɗin ma, a Barnawa da kewaye, amma je ka saurara ka ji me ake kaɗawa: Afrobeats na Legas da amapiano na Afirka ta Kudu. Mai kulob abin sha yake sayarwa, ba zai ba yaro mai rap da Hausa rabin awa ya kore masa masu kashe kuɗi ba. DJ AB da 'yan ƙungiyarsa ta YNS a garin nan suke, kuma abin da ya kai su ko'ina shi ne yara sun ji Hausar da suke yi a layi cikin kiɗan zamani, suka yi ta tura wa juna.

Mai Situdiyo:
Gidan biki yana da iyakarsa, ɗan'uwa, kai ma ka sani. Biki waƙar soyayya da ta rawa yake so. Yaron da ya rubuta baiti goma sha shida a kan rashin aikin yi, ko shaye-shaye, ko almajiranci, ba ranar da za ka saka shi a dina. Abin da ke ci min rai ke nan. Yaro zai zo min da rubutu mai nauyi, littafi cike, mu kwana muna gyara kiɗa. Wata uku babu wanda ya kula. Sai ya dawo ya ce, "Oga, yi min irin wanda ake rawa da shi a TikTok, daƙiƙa talatin ta farko ta kama." Ina ji ina gani marubuci ya koma mai amshi. Masu irin wancan rubutun suna nan, B.O.C Madaki na Bauchi misali ne, amma nawa ne suka jure kamar shi? Don haka rabin maganar Ɗan Jos gaskiya ce. Akwai waƙar da sai an zauna an saurara, kuma ba mu da wurin zaman.

Maman Iman:
Tun ɗazu maza ke magana, kuma duk kun manta da mu. Yaya Ɗan Jos, ko da an buɗe kulob goma a Kano gobe, ni da ƙannena mata ba mai zuwa. Ba don ba ma son waƙar ba. Wace 'yar mutunci ce za ta ce wa mahaifinta ko mijinta za ta Sabon Gari ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Ko namiji ma sai ya yi tunanin abin hawa, don kun tuna a 2022 gwamnatin Kano ta hana a-daidaita-sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Mu ta ina muka san su ClassiQ da Morell? Ta Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014, a shirin hip-hop na Nomiis Gee, muna zaune a falo da iyayenmu. Yanzu kuma Audiomack, saboda in ka sauke waƙa kana iya ji ba data. Mata ne ke kaɗa waƙa a kicin, mu ke zaɓa wa amarya abin da DJ zai saka, mu ke hawa sauti a TikTok. Duk tsarin da ya bar mu a waje ya bar rabin kasuwa.

Kawu:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ni dattijo ne a cikinku, kuma ina sauraron yaran nan saboda nawa 'ya'yan suna ji. Ɗana na Jos, ka sani cewa kowane gari da tarbiyyarsa. Kano ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, akwai Hisba, akwai hukumar tace fina-finai da ke sa ido har kan waƙa. Wurin da ake sayar da giya ana cakuɗuwa har asuba, ni ba zan so ɗana ya je ba, ko da a can ne zai zama tauraro. Kuma kada ku ɗauka kiɗa a gaban jama'a baƙon abu ne a wurinmu. Shata da Ɗan Maraya a gaban mutane suka yi suna, 'yan gambara a tsakiyar kasuwa suke jera magana mai kaifi da rana tsaka. Abin da jama'a ke ƙi shi ne dare da abin da ke biyo dare.

Ɗan Jos:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ban ce a kai yara gidan giya ba. Amma a faɗi gaskiya, ba dare kaɗai ake ƙi ba. A 2009 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta waƙoƙi 11 a zama ɗaya. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowar da ta yi a bidiyon ClassiQ. Mai kuɗin da ya ga haka zai zuba jarinsa a zauren wasa? Tsoro ne ya tura komai cikin waya, sannan mu dawo muna yabon waya.

Mai Turi:
Waƙoƙin da aka haramta ɗin nan kuwa, tambayi duk wanda ke da waya mai Bluetooth a lokacin. Haramcin ne ma ya sa wanda bai taɓa jin su ba ya tashi nema. Amma zan ba ka gaskiya ɗaya, Yaya: mu ma kasuwarmu ta ja baya. Yaran yanzu da datarsu suke saukewa. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, sai dai in ka buɗe shi, abin da ya riga ya yi tashe yake turo maka. Ni na san fuskar mai saye, na san wannan direba ne mai son baiti, wancan ango ne. Na'ura ba ta san yaron Ɗorayi da ya saki waƙa jiya ba.

Badamagare:
Abin da Kawu ya faɗa ya tuna mini yadda rap ya tashi a Nijar. Su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia da Wass-Wong ba a gidan rawa suka tara jama'a ba. A fada, wato majalisar hira ta samarin unguwa, ake fara jin su, samari na zaune ana dafa shayi, kaset na juyawa, ana gardamar wa ya fi wani baiti. Daga nan sai gidajen matasa da cibiyoyin al'adu, irin cibiyar Oumarou Ganda ta Yamai. Wuri ne da uba zai ji sunansa bai ɗaga murya ba. Dandamali ne na gaske, da makirfo da jama'a, kuma ba kulob ba ne.

Maman Iman:
To wannan zan je, har in ja ƙannena. A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, a ware wa mata gefensu, a hana shaye-shaye tun daga ƙofa.

Ɗan Jos:
In dai za a yi shi a kai a kai, ba sai Sallah zuwa Sallah ba, ni ban damu da sunan da za a kira shi ba. Amma ina nan kan bakana: ba a saka waƙa da murya a ciki. Kiɗa zalla, yaro ya yi da bakinsa. Kuma a bar jama'a su nuna in bai yi ba.

Mai Situdiyo:
Sharaɗin nan na karɓa hannu bibbiyu. Ina da sifika biyu da mikisa, kuma zan cire wa kowane yaro murya daga kiɗansa kyauta. Abin da ba ni da shi kuɗin zaure da man janareta, ga takardar izini, don ba zan tara yaran mutane a zo a watse su ba. In aka sa ƙofa naira 1,000, mutum ɗari sun isa mu fara.

DJ ɗin Kawo:
Naira 1,000 don a kalli waɗanda ba a sani ba? Ba za su zo ba, Oga. Ka sa 500, ka nemo mutum ɗaya mai suna ya rufe taro, sababbi biyar su riga shi. Kuma Asabar ba ta yiwuwa, duk muna gidan biki. Lahadi.

Mai Turi:
Ku naɗi kowane wasa da kyamara mai kyau ku kawo min, da sunan kowane yaro a rubuce a jikin bidiyon, yadda ko an tura sau ɗari sunan ba zai goge ba. Kawu, kai za ka raka su neman izinin, an fi jin maganar manya.

Kawu:
Zan raka su, amma sai na fara karanta abin da kowane yaro zai faɗa. Mai zagi ko batsa ba zai hau ba.

Mai Situdiyo:
Zagi da batsa mun yarda, Kawu. Wanda ya taɓa masu mulki fa, shi ma za ka cire shi? Don rabin littattafan da ke situdiyona a kan haka suke.