Har yanzu ana ɗaukar injiniyan cikin jirgi?

Ɗan Kubwa: Jama'a, ƙanena na son aikin injiniyan da ke zama tare da matuƙa jirgin sama. Akwai gurbi nan Abuja?

Baban Garki: Ɗan'uwa, wannan kujera ta kusa ɓacewa. A jiragen Boeing 727 da DC-10 injiniyan ne na uku a ɗakin tuƙi, yana bayan mataimakin matuƙi, yana lura da mai, lantarki da iskar cikin jirgi. In tankin fiffike ɗaya ya fi ɗayan mai, jirgi ya karkata, shi zai daidaita. A jirgin Boeing 747-400 da ya fara aiki a 1989, kwamfuta ta karɓe aikin.

Hajiyar Wuse: Ƙanenka ya nufi kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya ya koyi gyaran jirgi, ya nemi lasisin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya. Albashi kuwa, ya danganta da kamfani da irin jiragen da lasisinsa ya ƙunsa.