Ail des îles: me za mu ce da ita a Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa na Damagaram da kewaye. Ina fassara wa yaran lakwal darasi kan tsirrai sai na ci karo da wata da Faransawa ke ce wa ail des îles, sunanta na kimiyya Allium commutatum, wani Ba'italiye Giovanni Gussone ya raɗa mata. Tana fitowa kan duwatsun bakin Bahar Rum, a tsibirai irin su Kosika da Sisili da Kirit, ba mai shuka ta ba mai ba ta ruwa. Na fara rubuta albasar daji amma zuciyata ba ta kwanta ba, ku taimaka.

Malam da Inna da Yaya sun ba ni amsa. Malam da ka ce a bar sunan a albasar daji, Allah shi ƙara sani, amma duba nan. In ka ce wa yaron Mirriya albasar daji albasar kura zai gano, ita kuwa guba ce tana kashe dabba, kuma ko dangi ɗaya ba su ba. Wannan ruɗanin nake tsoro wallahi.

Inna ta tambaya lawashinta rami gare shi ko falle ne? Inna kin gama magana! Albasar Galmi da muke saye kasuwar Dole ganyenta bututu ne, wannan kuwa nata falle ne kamar na tafarnuwa, kuma yakan bushe lokacin da take fure. Karan nata ɗaya ne dogo, yana kai mita 1, a samansa dunƙulen ƙananan furanni kamar ƙwallo, fari-fari da ruwan hoda. To albasa ta fita, tafarnuwa ce.

Saura tsibiri ko teku. Yaya ya ce tafarnuwar tsibiri tunda haka Faransanci ya ce, to amma ba dole mu bi su ba, ai tana fitowa gaɓar Italiya da Girka da Turkiyya ma inda ba tsibiri ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kan nata gishiri bai kashe shi, igiyar ruwa in ta tumɓuke shi sai ya yi ta yawo saman ruwa har ya faɗa wata gaɓa ya tsira can. Teku ne ke shuka ta.

Ni dai tafarnuwar teku zan rubuta, sunan kimiyyar a gefensa. Inna, Malam, in kun yarda gobe in kai a buga.