Fatar ido ta sauko, an ce sai tiyatar ƙwaƙwalwa: neman shawara

Maman Safiya: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ne yake ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa na dama kuma ta sauko. An yi hoton MRI, aka ce wani curin jijiyoyin jini ne a tushen ƙwaƙwalwa, kabanoma, ya ɗan zubar da jini kusa da jijiyar da ke motsa ido. Likita ɗaya ya ce aiki, wani ya ce a jira. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Hajiya, kafin komai ki tambaye su: aikin nan don gyara idon ne, ko don hana jini sake zuba? Galibi na biyun ne. Ana iya cire curin lafiya lau, ido kuma ya ɗauki watanni bai dawo daidai ba.

Baban Khalil: Ni dai a gaggauta. Yayana fatar idonsa ta sauko, a daren aka shiga da shi.

Anti Nas: Baban Khalil, na yayanka da alama kumburin jijiyar jini ne, aniyurizim. Shi kam ba a kwana da shi: idan fatar ido ta faɗo farat ɗaya, ɗigon tsakiyar ido ya buɗe, ga ciwon kai, to jijiya ta 3, mai motsa ido da ɗaga fatarsa, ce ake dannewa, kuma kumburin yana iya fashewa. Irinsa Walter Dandy ya fara maƙale wa ƙarfe a 1937 a asibitin Johns Hopkins na Amurka. Yanzu ma akan bi ta jijiyar jini ta cinya da siririn bututu a toshe shi ba a buɗe kai ba.

Kabanoma daban yake. Jinin cikinsa a hankali yake tafiya, shi ya sa sau da yawa hoton jijiyoyin jini ba ya nuna shi, sai MRI, kuma ba a toshe shi da bututu. Ko dai a cire, ko a sa ido. Tushen ƙwaƙwalwa wuri ne matsattse, cibiyoyin jijiya ta 3, ta 4 da ta 6, masu motsa ido, duk a nan suke, kusa da hanyoyin da ke motsa hannu da ƙafa. Don haka likitoci da yawa ba sa taɓa shi bayan zubar farko idan yana can ciki. Sun fi yarda da aiki in ya sake zuba, ko alamun suna ƙaruwa, ko curin ya taso kusa da sama inda za a kai gare shi ba a ratsa lafiyayyen nama ba. Ko an yanke shawarar aikin, akan bar makonni 4 zuwa 6 kumburi ya sauka, sai in rai na cikin haɗari.

Maman Safiya: Anti, wallahi kin warware min. Ashe likitocin biyu kowa da hujjarsa.

Malam Bashir: Ku haɗa su da hoton a gabansu. A tambayi mai aikin irin wannan nawa ya yi a tushen ƙwaƙwalwa, ba tiyatar kai gaba ɗaya ba, da kuma ko suna da na'urar da ke bibiyar tsokar ido ana cikin aiki. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ummu Hanif: Kada a manta da likitan ido mai ilimin jijiyoyi. Ya auna karkatar idon tun yanzu don a samu abin kwatantawa. Ni bayan nawa aikin, rufe ido ɗaya ne ya ba ni damar yin karatu, daga baya aka ba ni tabarau mai firizim, gilashin da ke haɗe gani biyu-biyu ya zama ɗaya. Kuma ya ajiye tuƙi tukuna, don Allah.

Baban Khalil: To in idon ya ƙi miƙewa fa?

Ummu Hanif: Akwai aikin tsokar ido, amma sai karkatar ta tsaya cik, wata 6 zuwa shekara, don jijiyar takan farfaɗo da kanta.

Anti Nas: Ƙari ɗaya, Maman Safiya: a duba rahoton, curi ɗaya ne ko da yawa. In da yawa ne yana iya zama na gado, sai ku yi maganar gwajin 'yan uwa. Sabon ciwon kai, kasala a ɓari ɗaya, harɗewar magana ko wahalar haɗiya, asibiti kai tsaye.

Maman Safiya: Ɗaya aka rubuta. Ranar Litinin za mu koma, na rubuta tambayoyin. Allah ya saka da alheri.