Musayar baitoci kan gasar Wimbledon

Baba Mai Rediyo:
Ku matso 'ya'yana ku sha labari,
Wimbledon ce uwar gasar tanis tun fari,
A 1877 a Landan aka yi mata tsari,
Maza 22 kacal suka shiga jeri,
Spencer Gore ya share su, ya ci gari.

'Yar Zazzau:
Baba, ka iya zance, amma ka manta,
Shekara bakwai mata na ƙofa, an kulle ta,
Sai 1884 Maud Watson ta nuna bajinta,
Kuɗin lada kuwa sai 2007 aka daidaita,
Venus Williams ce ta matsa har aka saurare ta.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, wannan ban musa ba,
Amma al'adar gidan ba ta tsufa ba,
Kan ciyawa ake yi, ba siminti ba,
Fararen kaya zalla, ba a yarda da ja ba,
Federer mai kofi 8 ma ba a ɗaga masa ƙafa ba.

Ɗan Kurmi:
Ku bar gardama, ga yadda ake fafatawa,
'Yan wasa 128 ake zubawa,
Ka faɗi sau ɗaya, sai gida, ba dawowa,
Wasa 7 a jere mai kofi ke cinyewa,
Maza turmi 3 cikin 5 suke farautowa,
Mata 2 cikin 3, mako biyu ana gamawa.

Baba Mai Rediyo:
Turmi ka ce? To tuna 2010, ɗana,
Wasan Isner da Mahut ya kwana, ya sake kwana,
Awa 11 da minti 5, turmin ƙarshe 70 da 68, ka ji mazana!
Yanzu an soke wannan, shi ne baƙin cikina.

'Yar Zazzau:
Baba, kana kishingiɗe kana kurɓar shayi,
Isner a wasa na gaba kashi ya sha, ba abin da ya yi,
Tun 2022, in turmin ƙarshe ya kai 6 da 6, ga abin yi:
Wanda ya riga kai maki 10 da ratar 2, shi ya yi.

Ɗan Kurmi:
Kafin ku tashi, bari in ambaci baƙar fata namu,
Althea Gibson a 1957, Arthur Ashe a 1975, sun ci kofi, sun ɗaga kanmu,
Nduka Odizor a 1983 ya kai zagaye na 4 da tutar Najeriya ƙasarmu.

Baba Mai Rediyo:
Ku yi ta murna, ni haushina bai huce ba,
A 2025 an sallami alƙalan layi, ba su yi laifi ba,
Na'ura ke cewa ƙwallo ta fita, ba mai ce mata ba haka ba.