Fetur mai itanol na cin roba, ko ƙage ake yi masa?

Direba: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Fetur ɗin da ake gaurayawa da itanol, wato sinadarin barasa da ake samu daga rake ko masara, shi ke cinye tiyon mai da robobin famfo. Duk mai mota ya guje shi.

Injiniya: Alhaji, "duk" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. A 2015 Brazil ta kai itanol kashi 27 cikin 100 a fetur, motocinsu kuma na ta tafiya. Da Birtaniya ta koma E10, wato fetur mai itanol har kashi 10 cikin 100, a Satumbar 2021, an ce duk motar fetur da aka ƙera daga 2011 za ta sha lafiya lau.

Makanike: Malam Injiniya, sabuwar mota kake magana a kai. Mu da muke kwance kafireto mun san abin da muke gani. Tsohon tiyo na robar naitiril ne. In ya jiƙu da itanol sai ya kumbura ya yi laushi, in mota ta daɗe a ajiye ya bushe sai ya ƙandare ya tsattsage. Daga nan sai yoyo a kan inji mai zafi, wannan kuwa maganar gobara ce.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, amma ka ga laifin na irin robar ne. Shi ya sa masu ƙera motoci suka koma wata irin roba mai suna Viton, wadda itanol ba ya yi mata komai a irin wannan gauraye.

Direba: To, ruwan da ke taruwa a tanki fa?

Makanike: Nan kam Alhaji ya fi ka gaskiya, Malam. Itanol na zuƙo danshi daga iska. In mai ya yi watanni a tanki, ruwa da itanol su ware su kwanta a ƙasa, daidai inda famfo ke tsotsa. Ga tsatsa. Kuma yana wanko tsohon datti ya toshe filta, mutane su ɗauka roba ce ta narke.

Injiniya: Motar da ake hawa kullum ba ta kai wa ga haka.

Direba: Tawa ta 1994 ce, kuma sai ta yi wata biyu ba a tayar ba.

Makanike: To Alhaji, canja tiyon gaba ɗaya, ka nemi wanda aka buga wa lambar inganci J30R9 a jiki, kada ka karɓi mai lambar J30R7. A sauya robar famfo da gaskit ɗin kafireto a lokaci guda. Tiyon ruwa kuma kada wani ya ɗaura maka a layin mai, ko na kwana ɗaya.